Wane Malam?

Kai Mudassir na Gidan Mantuwa, kai ka cuce ni.

Ranar Talata na zo na ce a cire mini Malam daga kaina. Ka ce, "Iya, faɗi sunansa." Wace mace ce ke kama sunan mijinta a gaban sa'an ɗanta? Na ce Malam dai. Ka miƙo takarda, ka san ban iya karatu ba, na dangwala yatsa, ka kifa mini hular nan taku mai share tunani.

Maza biyu na aura, duk Malam nake ce musu. Na biyun, marigayi, shekara ashirin yana dukana. Shi nake nufi a share. Ƙanwata ta ce wai na yi haka ne don in koma wa na farkon da wankakkiyar zuciya. Na farkon ka share.

Yau da hantsi wani tsoho ya yi sallama da ƙullin goro. Ya ce, "Tasalla, kin tuna ranar da guganki ya faɗa rijiya?"

Na ce, "Bawan Allah, wa kake nema?"

Ƙanwata ta ce, "Yaya, Hamidu ne fa, mijinki na fari."

Na ce, "Wane Hamidu?"

Sunan ya fita daga bakina ba ko nauyi. Da ya ji na kama sunansa, sai ya ajiye goron, ya goge ido da hannun riga. Shi kuwa mai dukan, har yanzu ba na iya faɗin nasa.

Kun ce abin da aka share ba ya dawowa. To ka fito, Mudassir. Tsohon yana zaurena bai tashi ba. Ka zo ka faɗa masa da bakinka inda ka kai shi.