Kwangilar Kujerun Makaranta

Dattijon ya sake miƙewa daga benci, ya taka har ƙarshen baranda, ya dawo. Zama ya gagare shi. Bayan ƙofar nan da ke rufe, kwamitin sayayya na zaune a kan kwangilar kujerun makarantun gwamnati. Bana kuwa doka ta canza. Ba arha kaɗai ake dubawa ba, sai an tabbatar kayan za su jure, kuma ba a kassara daji wajen yin su ba.

Zafi ya dame shi. Ya nufi tagar da tun safe ta gagari kowa, ya ɗan ɗaga marfin sama kafin ya tura, ta buɗe. Masinja ya kawo masa shayi, bai ko tambayi yawan sukari ba. Ya karɓa ya ajiye, har ya huce bai kurɓa ba.

Masu neman aikin biyu suka rage. Ɗaya matashiya ce mai narka tsofaffin robobi tana yin kujeru, ita da matan unguwa da ta koya wa sana'ar. Tana ciki tana amsa tambayoyi. Dattijon ya san in aikin nan ya wuce ta, shagon nata rufewa zai yi. Ɗayan ɗan kwangila ne mai katako. Ya riga ya gama nasa bayanin, ya baje a benci yana kaɗa makullin mota.

"Malam, zauna mana, kana sa ni jiri," in ji mai katako. "Kai ma wani abu kake nema a nan?"

"Jira nake."

"In don kujeru ne, huta abinka. Wannan yarinyar mai tsintar bola ce za ta kara da ni?" Ya yi dariya, ya matso, ya rage murya. "Wai sai da shaidar cewa daga gonar itace katakona ya fito. Na kawo musu, har da hatimi. A kasuwa aka buga min ita. Katakon kuwa daga dajin gwamnati motocina ke kwaso shi. Wa zai je ya tambayi kututture?"

Dattijon ya tsaya cak. Ya dubi ƙofar. Ga ta nan kusa, amma ya riga ya yi alkawarin ba zai taɓa ta ba sai an kira shi. Ya goya hannuwa a baya, ya ci gaba da kai-komo.

Matashiyar ta fito rungume da 'yar kujerar da ta kawo ta gwaji. Ta wuce su, ta jingina da bango. Ba ta dubi dattijon ba. Shi ma ya kafa wa takalmansa ido.

Can ƙofa ta sake buɗewa. Sakatariyar kwamiti ta ce duka biyun sun cika sharuɗɗa, amma farashin mai katako ya fi sauƙi, don haka shi aka zaɓa. Matashiyar ta cije leɓe, ta gyara riƙon kujerarta, ta sauka matattakala a hankali. Dattijon ya bi takunta da kunne har ya ɓace.

Mai katako ya yi zumbur ya miƙe, ya dafa kafaɗar dattijon. "Ban faɗa maka ba?" Sai ya juya ga sakatariya, baki har kunne. "Malama, ina shugaban kwamitin ne? Mataimakinsa kawai na gani a ciki. Ya kamata in yi masa godiya."

 Sakatariya ta ɗan rusuna wa dattijon, ta riƙe masa ƙofa.

"Ranka ya daɗe, tunda an gama maganar da 'yarka ke ciki, kana iya dawowa kujerarka. Sa hannunka kaɗai ake jira."