Maganin Furfura

"Baƙi na ce miki, baƙi! Kin mai da min kai kore shar kamar alayyahu!"

Ni'ima ta tsaya riƙe da mataji. Ko wata ba ta yi da gama koyon gyaran gashi ba, uwar ɗakinta ta bar mata shagon a Yelwa ta tafi suna. Sai ga wannan Hajiya ta shigo da niƙabi, ta sa aka saki labule kafin ta cire niƙabin ta kwance ɗankwali, wai a rufe mata furfura.

Hajiya ta zaro waya ta kunna bidiyo. "Yau sai duk Bauchi an san ki. Faɗi, me kika zuba min?"

"Wallahi baƙin rini ne, Hajiya. Na dai ɗan haɗa da wannan man don in kyautata miki." Ta miƙo kwalbar. "Maganin furfura ne, shi kowa ke saya yanzu. Mai haɗa shi ta haura hamsin, amma ko sili ɗaya fari babu a kanta."

Ga hoton mai man a jikin kwalbar, tana murmushi, ta ture ɗankwali baya, gashi baƙi wuluk. Ni'ima ta dubi hoton, ta dubi fuskar Hajiya a madubi, ta sake duban hoton.

Hajiya ta kashe bidiyon, ta goge shi, ta rage murya.

"Ke yarinya, ba kya tsoron Allah? Wannan abin kika shafa min a kai?"