Sakin Layin da Aka Goge Sau Bakwai

Shekarunta ashirin da takwas, ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, tana kuma cikin 'yan sa kai masu duba gyare-gyaren maƙalu a kundin ilimi na intanet. Saurayin da zai aure ta shi ya koya mata aikin.

Ranar Laraba da ya zo ɗaukarta, sai ta juya masa kwamfutar. Maƙalar benen da ya rufta ce, wanda mahaifinsa ya gina. Sau bakwai wani baƙon asusu yana goge sakin layin da ya ambaci ɗan kwangilar, kullum da bayani ɗaya a gurbin dalilin gyara: "'Yar shara." Sau shida ita kuma tana mayar da shi.

"Haka kake rubutawa tun kana koya min," ta ce.

Ya kalli allon, bai musa ba.

"Malama, Baba ya san mai mayarwa. Asabar zai je wurin Abbanki neman aurenmu, in kin sake mayarwa kuma ya fasa."

"Mutum tara fa suka mutu."

"Na sani. Rufe mu tafi."

Ya dafa bayan kujerarta, tana jin numfashinsa. Yana kallo ta mayar da sakin layin, karo na bakwai, da sunanta a jiki.