Ƙamshin da ke Zuwa Ranar Juma'a

Shekarar ta kufce mini, haka ma kalmomin da suka fara hura wutar faɗan. Abin da na riƙe shi ne bazara ce mai zafi, kuma Malam Bakari na Inkil da bakinsa ya ba ni yawancin labarin, muna zaune a gindin mangwaronsa.

Bafulatani ne da ya bar kiwo ya zauna gari. Matarsa ta rasu, ganinsa ma ya tafi a hankali har ya ƙare. 'Ya ɗaya gare shi, Madina. Da ta nace sai ta auri Nu'uman, wani malamin makaranta da ke zaune a Yelwa, tsohon ya fusata. Baffanta ne ya ɗaura auren. Shi kuwa ya faɗi abu biyu a gaban mutane: mijin ba zai taka masa gida ba, ita kuma kada ya sake jin muryarta.

Shekara huɗu Madina ba ta zo ba. Maƙwabciyarsa Hamsatu ce ke miƙo masa koko da safe da tuwo da yamma, ta koma. Sauran yinin shi da rediyo ne.

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Aka cire takalmi tun daga zaure. Ba a yi sallama da baki ba, tafa hannu aka yi sau biyu. Sai ƙamshi ya riga mai shi shigowa.

Ya san ƙamshin. Shi ya saya wa Madina turaren tun tana sakandare, lokacin idonsa na gani. Mai haɗa turare a kasuwar Wunti, Mudathir, ya tambaye shi halin wanda za a ba.

"Ba ta da surutu," in ji Malam.

Mudathir ya zuba na ɓawon lemun tsami da na'ana'a da ɗan ɗoɗɗoya, ya girgiza kwalbar. "Na lokacin zafi ne wannan, Malam. Mace ta shafa, namiji ya shafa. Ba ya tare wa mutane hanci. Mai shiru-shiru yake so, wanda sai ya tashi ake sanin ya zauna."

Tun daga ranar Madina ba ta canza turare ba.

Malam ya gyara zama a kan tabarma. 'Yar fari ce, bakinsa bai taɓa kama sunanta ba.

"Ke ce?"

Ba a amsa ba. Aka durƙusa can nesa, bakin randa. Ya gane: ya hana a ji muryarta, ga shi ana yi masa biyayya.

Haka Juma'o'i suka riƙa zuwa. A share tsakar gida, a cika randa, jarka biyu a tafiya ɗaya. A gyara ƙyauren da ya shekara yana kuka. A yanka masa mangwaro a faranti, a turo kusa da gwiwarsa. Babur ɗin ba ya tashi sai ƙamshin ya fita.

"Wannan ɗan acaɓa naki akwai haƙuri," yakan ce. "Miyar nan kuwa hannunki ya lalace. Ko a Yelwa gishiri kyauta ake ba ku?"

Wani lokacin ya ji an ja numfashi kamar za a yi dariya, a danne.

Abu ɗaya yake so: ya ji muryarta kafin ya mutu. Kalma ɗaya za ta isa, ya ce ya janye. Amma ya furta a gaban mutane, kuma shi mutum ne da aka rena a kan ba a tofar da yawu a lashe. Duk daren jiran Juma'a zai shirya maganar, in ƙamshin ya shigo sai ya ɓuge da zancen rana da tsadar masara.

Ya tambayi Hamsatu ko yarinyar ta rame. Hamsatu ta ce ta bar tukunya a wuta, ta fice.

Ƙarshen bazara ciwon ƙirjinsa ya tashi. Ranar Juma'a bai iya fitowa tabarma ba. Aka shigo har bakin ɗaki, abin da ba a taɓa yi ba, aka yi ta yi masa fifita.

"Na janye," ya ce. "Na janye duka. Yi magana in ji."

Fifitar ta tsaya.

"Wancan mijin naki ma, ki ce masa ƙofa a buɗe take. Wanda ya bar ki kina zuwa duk mako ba mugu ba ne. Na yafe masa, shi ma ya yafe mini."

Ya miƙa hannu. Aka sa masa kofin ruwa a ciki, aka fita da sauri. Daga zaure ya jiyo ana kuka a ciki-ciki, kamar an toshe baki da hula.

Washegari na je duba shi, na same shi da fara'a. "Kunya ce," ya ce mini. "Juma'a mai zuwa za ta yi magana, za ta zo da shi."

Ranar Laraba aka kai shi makwancinsa.

Ba a ga Madina a zaman makoki ba. Bayan addu'ar bakwai na hau keke na tafi Yelwa, na tambayi limamin unguwar, na dawo na zaunar da Hamsatu, maganarsu ta zo ɗaya. Madina ta rasu wajen haihuwa kwana tara kafin waccan Juma'ar ta farko, an ɓoye wa tsohon saboda zuciyarsa, kuma wanda ke shafa turarenta yana durƙusawa bakin randa Nu'uman ne.