Sunan da Aka Aro daga Maƙabarta

Tunda ka ce masu zaɓen 'yan ƙwallo sun fara zagayen ɗanka, gyara zama ka ji wannan kafin ka sa hannu a wata takarda.

An yi wani tela mai 'ya'ya maza biyu, Nafi'u da ƙanensa Mudassir. Ƙaramin ko firamare bai shiga ba ƙyanda ta ɗauke shi. Uwar ta naɗe takardar haihuwarsa ta cusa a ƙasan akwati, ba ta ƙara ambaton sunan ba. Babban kuwa ya tashi da ƙafar ƙwallo. Wata rana wasu baƙi masu nema wa wata jami'ar ƙasar waje 'yan wasa suka zo filin sakandarensu, suka nuna shi da yatsa. Karatu kyauta, ci da sha kyauta, amma fa kada yaro ya haura shekara sha bakwai. Nafi'u kuwa ya cika sha tara. Kwana uku keken ɗinkin tela bai motsa ba. A na huɗu ya buɗe akwatin matarsa ba da saninta ba, yana cewa a ransa, mamaci me zai yi da takarda? Ka ji fa, shi a dole mai dabara. Ya bi duk inda ake bi, aka sauya takardun makaranta. Sannan ya zaunar da yaron a shago yana horonsa: in an ce Mudassir ka amsa, in an ce Nafi'u ko waiwaye kada ka yi. Har lallaɓowa yake ta bayansa ya kira sunan gaskiyar don gwaji, in yaron ya juyo ya sha ranƙwashi. Wata biyu yaro ya ƙware. Aka yi fasfo, aka tafi da shi.

Bayan shekara uku ya zo hutu, ya murje ya yi kyau. Tela ya tare shi a ƙofar gida, baki har kunne, yana kiran Nafi'u, Nafi'una. Yaron ya wuce shi kamar ɗan maƙwabta ake kira. Wallahi ba raini ba ne, bai ji ba ne. Uwar ta ajiye masa tuwo da miyar kukar da yake so tun yana rarrafe, ya ture kwanon ya ce a dama masa kunun tsamiya ba sukari, yadda marigayin kaɗai yake sha a gidan. Da hantsi sai a gan shi zaune a gindin zogale, daidai inda ƙaramin yakan yi wasan ƙasa, ƙaton saurayi yana zane da tsinke. Uwar ta dube shi sau ɗaya ta shige ɗaki. Tsoro ya kama tela, tsoron da ba ya iya faɗa wa kowa. Ranar Juma'a da safe ya tafi ziyara maƙabarta, yaron ya bi shi ba tare da an gayyace shi ba. Tun kafin uban ya gano wurin, ɗan ya tsaya cak a kan ɗan kabarin da ya kusa shafewa. Ya shafa addu'a, ya ɗago da ido cike da ƙwalla ya ce, "Baba, Yaya Nafi'u shekararsa nawa da ya rasu?" Tela ya juya ya kama hanyar gida. Hutu ya ƙare, yaro ya koma. Har yau tsohon yana shagonsa, wani lokaci ya tsayar da keke ya kira sunan babban ɗansa a hankali, ya kasa kunne. 'Yan unguwa in sun ji sai su ce Allah ya jiƙan rai, don su ma sun rikice, ba su ƙara sanin wanne aka binne ba.

Tela ya so ɗansa ya yi suna a duniya, sai ya raba shi da wanda aka raɗa masa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman gira an rasa ido.