Inda Aka Cire Kawu

Sai da ta gama rubutun farko na littafinta ta ga matsalar. Mugun da ke cikin labarin kawu ne, ga shi nata kawun yana nan da ransa, kuma ba ya barin rubutu ya wuce shi, ko da na kwalin magani ne. A hannunsa ta tashi. Shi ne kuma ya ƙona mata littattafai tana ƙarama, kamar yadda na labarin ya yi.

Gyaran bai ba ta wahala ba. Ta sa kwamfuta ta cire "kawu" duk inda yake, ta maye gurbinsa da "maƙwabci". Ta buga, ta kai masa da kanta, don kada ya ji a bakin dangi.

Da ya gama ya aika aka kira ta. Ta same shi a falo, tabarau a kan hanci, takardun a cinya.

"Na karanta," in ji shi. "Maƙwabcin nan ba shi da imani."

"Wallahi kuwa, Kawu."

"Sai dai akwai inda Hausarki ta fi ƙarfina." Ya lashi yatsa, ya buɗe shafi, ya karanta a hankali: "Yaran suka sunkuyar da maƙwabcinansu suna kuka."

Ta sunkuyar da nata.

Ya miƙa mata takardun. "Ki mayar wa yaran nan kawunansu. Ni ma ki mayar da ni wurina. Maƙwabci bai yi miki komai ba."