Akwatin da Aka Bari a Ƙasa

Ma'aikaciyar filin jirgi ta ɗora akwatinsa a sikeli, ta girgiza kai. Jirgin ƙarami ne, in ji ta, yau kuma an ɗora masa kaya mai nauyi. Akwatin sai dai ya biyo jirgin jibi.

Ƙafar Yawo, kamar yadda mahaifinsa ke kiransa, ya bi akwatin da kallo. Shekara da shekaru yana can wata uwa duniya, ba aike ba waya, don kunyar a tambaye shi abin da ya samo. Duk rufin asirinsa na cikin akwatin nan: agogo, takalma, da bargo mai laushi na tsohon. Bai gaya wa kowa yana tafe ba. Mota yini take yi kafin ta kai garinsu, jirgi kuwa ko sa'a ba ya cikawa. Ya zaɓi jirgin ne don ya shiga gida da rana tsaka, maƙwabta na kallo.

Ta taga ya hango abin da ya kore masa kaya: wani dogon abu naɗe da tamfol, ana tura shi a hankali kamar ƙwai. Wani matashi mai jajayen idanu na biye, hannunsa a kai.

Kusa da matashin aka zaunar da shi.

"Malam, wancan tarkacen naka ne? Ka sa zan shiga gaban ubana hannu rabbana. Babu motar kaya ne a garinku?"

Matashin ya dube shi, ya daɗe yana kallon tsohon tabon da ke girarsa.

"Mota ba za ta kai mu kafin faɗuwar rana ba."

"To sai me? Ruɓewa zai yi?"

Matashin ya mayar da fuska taga. Har jirgin ya fara sauka kafaɗunsa na rawa. Tsoron jirgi ne, in ji Ƙafar Yawo a ransa.

A bakin ɗan filin jirgin garinsu, jama'a sun yi cirko-cirko. Ga kawunsa, ga maƙwabta, ga mahaifiyarsa an riƙe ta. Wa ya tsegunta musu? Ya gyara wuyan riga, yana haɗa ƙaryar da zai yi a kan akwati.

Ba wanda ya yi murmushi. Mahaifiyar ta miƙa hannu, ba wajensa ba, wajen matashin.

"Auta," ta ce, "kun iso?"

Auta. Ƙanensa da ya bari yana famfara.

Aka buɗe cikin jirgin, aka jawo dogon abin nan mai tamfol, maza suka matsa, kowa na neman gefen da zai kama. Auta ya waiwayo, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Yaya, tunda hannunka ba komai, zo ka kama mana Baba."